Jakar da Gimba Ya Goya wa Inna Baiwa

Shekara ashirin da shida Inna Baiwa tana hawa tudun nan na bayan unguwar Abakpa a Inugu da kwalla a ka, ko ƙulli ɗaya bai taɓa faɗo mata ba. A riƙe wannan tukuna kafin a zo kan Gimba.

A saman tudun akwai gidajen haya na 'yan Arewa waɗanda tsadar ɗaki a cikin Inugu ta kora sama. Mazan su gangaro da sassafe su buɗe rumfunansu a 'yar kasuwar da ke gindin tudun, masu albasa, masu wake, mahauta, matan kuwa suna can sama a cikin gida. Keke ba ya hawa. Ruwa ya cinye hanyar ya bar ramuka da jar ƙasa mai santsi, sai dai ƙafa. Gida tara ne a can suke jiran Baiwa duk ranar Alhamis, abin da take kai musu kuwa kayan mata ne: gumba, tsimi, zuma mai haɗi, garin da ake sha da nono, da sauran abin da mace take nema don gyaran ɗakinta wanda ba a ambata a gaban maza. Mijin ma da ake yi dominsa ba ya so a san ya sani.

Baiwa ba ta yi boko ba, allon ma ba ta yi nisa ba. Ba ta iya rubuta suna a jikin kwalba. Kuma ba kaya ne da ake musanyawa ba, don abin da za a ba mai jego ba shi za a ba wadda ta shekara goma tana neman haihuwa ba. Sai ta yi dabararta. Kowace mace za ta yago mata ƙyalle daga ragowar ɗinkin kayanta, da shi take ɗaure ƙullinta ko wuyan kwalbarta. Koren leshi na wance ne, atamfa mai hoton fanka ta wance ce. Da ta buɗe kwalla ta san na kowa ba tare da ta kira sunan kowa ba. Matan nan sun faɗa mata abin da ba su faɗa wa iyayensu ba, kuma bai taɓa wuce bakinta ba. Jarinta ke nan duka, ba ta da wani.

Bara da damina wuyanta ya riƙe, hannun hagu ya koma kamar ba nata ba. 'Yarta Ruwaida da ke aure a Fatakwal ta matsa har ta je, aka yi hoton ƙashi, likita ya ce ko gammo kar ta ƙara ɗorawa a kanta in tana son hannun nan. Ruwaida ta ce ta zauna haka nan, za ta riƙa turo mata na cefane. Baiwa ta ce ita ba ta mutu ba tukuna.

"To Inna, jakar goyo za ki saya, irin ta 'yan makaranta. Mara nauyi fa, Inna. Kin ji abin da likita ya ce."

Shi ya kai ta rumfar Gimba a kasuwar Ogbete. Ba don babu wasu masu jakunkuna ba, layin nan cike yake da su. Don Gimba ɗan garinsu ne, kuma ita ta yi wa matarsa wankan jego har sau biyu, ta ɗauka ba zai cuce ta ba.

Suka gaisa, ya kakkaɓe mata benci.

"Gimba, jaka nake so ta goyo. Ƙarama, mara nauyi. Wadda in na ɗaga ta babu komai a ciki ba zan san na ɗaga abu ba."

"Inna, makaranta za ki koma?"

"Uwarka zan raka. Tudun bayan Abakpa zan riƙa hawa da ita."

"Au, hawan dutse! Ai da kin faɗa tun farko."

Ya ɗauko sanda mai ƙugiya ya sauko da wata jar jaka daga can saman rufi, ƙura na zubowa. Tsayinta ya kai daga ƙeyar Baiwa zuwa cinyarta. Ƙarfe biyu a bayanta, ga ɗamara mai kauri kamar ta sirdi, igiyoyi sai reto suke ta ko'ina. Daga kafaɗarta kuma wani baƙin tiyo ya zaro ya sauko.

"Wannan ita 'yan hawan dutse suke saya," in ji shi. "'Yan bokon nan da ke fita ran Asabar da farin takalmi su hau tsaunin Ngwo suna ɗaukar hoto. Daga Turai take."

Ta ɗaga, ta ajiye. "Wannan ai ta fi kwallata nauyi."

"A hannu ne, Inna. A baya ba kya jin komai, ƙarfen ne yake ɗauke miki."

"Wannan wutsiyar fa?"

"Tiyon ruwa ne. Akwai roba a ciki, ki zuba ruwa, kina tafiya kina tsotsa."

"Ni jaririya ce? Cire shi."

"In na cire ta lalace. Shi ne shaidar orijina ce."

Ta nuna masa wata 'yar baƙa da ke rataye a bakin rumfa, daidai abin da ta zo nema. Ya yamutsa fuska ya ce ta yara ce, zif ɗinta ba ya mako, mutuncinta ya fi gaban wannan. Daga baya ta ji cewa jar nan wata takwas tana saman rufinsa ba wanda ya taya. Ya goya mata ita da hannunsa, ya ja igiyoyi, ya ja baya yana tafi.

"To a kan hijabi zan goya ta, kamar soja?"

"Haba Inna. Ciki za ki sa, ki saki hijabi a kai. Ba mai gani. Kowa zai ɗauka jika kika goyo."

Wannan maganar daga bakinsa ta fito, a gaban maƙwabcinsa mai takalma. Kuma a makon nan ne labari yake ta yawo a wayoyin mutane wai za a shigo da wani abu a tayar a kasuwa. Baiwa wayarta ta kira ce kawai, ba ta ji ba. Gimba wayoyinsa biyu, kullum ido a kansu.

Ran Alhamis ta shirya kayanta tara, ta goya jaka. Maɓallin ɗamarar ya gagare ta, sai ta ƙulle ta a ciki kamar majanyi. Ta saki hijabi a kai. Tun kafin ta kai titi ƙarfen ya fara cizon ƙugunta. Ta sauka daga keke a bakin 'yar kasuwar gindin tudu da hantsi, ta kama layin 'yan albasa, inda take bi kullum.

Wani ƙaton mutum cikin 'yan sintirin da 'yan kasuwar suka ɗauka ya ɗaga mata hannu daga nesa.

"Mama, stop there! Wetin dey your back?"

"Na my market," ta ce masa, wato kayan sana'arta ne, ta ci gaba.

Sai wata mata ta hango baƙin tiyon nan yana leƙowa ta ƙasan hijabi yana lilo, ta kurma ihu ta ce wayar bam ce. Kasuwa ta fashe. Kwandunan tumatir suka kife, wani ya tsallake teburin nama, mata suna jan 'ya'yansu. Baiwa ta ga ana gudu, ba ta san abin da ake gudu ba, sai ita ma ta kwasa ta bi su. Tana bin su suna ƙara mai. Sai da ta ga duk inda ta nufa wurin yana darewa, sannan ta tsaya cak.

Ɗan sintirin ya laɓe a bayan tulin buhuna yana daka mata tsawa ta ɗaga hijabi. Mace mai shekara sittin da uku, a tsakiyar kasuwa. Ta ɗaga. Ya ce ta sauke jakar. Ƙullin da ta yi wa ɗamarar ya ƙi kwancewa, hannu ɗaya ba ƙarfi, ta tsaya tana fama da shi da hijabi a tattare a wuya, kasuwa guda tana kallo daga bayan rumfuna. Da jakar ta faɗi, ya sa doguwar gora ya ja bakinta ya kife ta.

Kayan suka gangara cikin layin 'yan albasa, kowanne da ƙyallensa.

Mutane suka fara dawowa a hankali, wasu har da dariyar sun tsira. Nan abin ya lalace. Namiji ba ya manta kayan da ya saya wa matarsa da salla, don ya san abin da ya sha kafin ya saya. Alhaji Muhammadu mai wake ya tsaya a kan kwalbar tsimi mai koren leshi a wuya, leshin matarsa Ummulkulsum. Kuma ba shi kaɗai ya gane ba, don a saman tudun igiyar shanya ɗaya ce ta haɗa gidaje. Maƙwabci ya san zanen matar maƙwabci. Wani ya kalli wani. Wani mahauci ya toshe baki da hula, kafaɗarsa na rawa.

Wadda ta rufa asirin ma ba Bahaushiya ba ce. Mama Obiageli mai sayar da ganyen miya na ugu ce ta kwance zanenta na sama ta shimfiɗa a kan kayan, ta durƙusa tana tattarawa ta ƙarƙashi, tana zagin mazan da yarensu da nata. Amma an riga an gani. Ɗan sintirin ya zo yana murza hannu, "Mama, sorry, abeg no vex." Baiwa ba ta riƙe shi a zuci ba, har yau. Aikinsa ya yi, shi ma yana da 'ya'ya.

Ranar ta hau tudun duk da haka, da jakar a hannu tana ja. Labari ya riga ta hawa. Gidan farko ta yi sallama sau uku, sannan Ummulkulsum ta amsa ta bayan ƙofa, ba ta buɗe ba.

"Inna, ki tafi."

"Ummu, buɗe in gaya miki yadda aka yi."

"Na ji yadda aka yi. Alhaji ya hawo tun kafin azahar, bai taɓa yi ba. Bai ce min komai ba. Da ma zagina ya yi."

"Ba ganganci na yi ba."

"Kin ce daga ni sai ke sai Allah. Yanzu har mahauta sun san abin da nake sha."

Gida na biyu, na Sa'adiyya matar mai albasa, ko amsa sallama ba a yi ba. Haka ta bi su tara, ta sauko da kayanta tara.

Makon nan Baiwa ba ta zauna ba. Ta share ɗaki, ta sake sharewa. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba. Ta fita bakin titi ta tsaya, ta dawo, ta sake fita. Ruwaida ta kira ta ce ta tattaro ta dawo Fatakwal, ta kashe wayar. Abin da ya ƙara tunzura ta, sai ta ji Gimba ya mayar da abin labarin nishaɗi a rumfarsa. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ba shi: wai Inna ta buɗe babban kanti a tsakiyar kasuwa, wai talla ta yi da gangan don maza su san inda ake samu. Maganar ta hau tudu ta shiga kunnen matan.

Sai ta kai ƙara wurin Malam Abdulrauf, limamin unguwar, wanda 'yan Arewan wurin suke kai wa rigimarsu kafin ta kai ga 'yan sanda. Aka sa ranar Lahadi bayan la'asar a zaurensa. Gimba ya zo da sabuwar shadda yana ƙamshi. Dattawan kasuwa shida suka zauna a tabarma, har da Alhaji Muhammadu. Baiwa ta zauna a bakin ƙofar cikin gida, jar jakar a gabanta.

"Allah gafarta Malam, ni ba jaka na zo karɓa ba, ba kuma abin da na ba shi ba. Ƙarama na nema ya ƙaƙaba min wannan. Na ce ya cire wutsiyar ya ƙi. Shi ya ce in sa a cikin hijabi, yana sane da abin da ake faɗa a gari. Abin da nake so, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan salla ya faɗa da bakinsa, kuma ya ce ƙarya yake da ya ce talla na yi."

"Malam, ni ɗan kasuwa ne," in ji Gimba. "Ta ce hawan dutse, na ba ta ta hawan dutse. In ba ta so, ga rumfa can, ta zaɓi wadda ta ga dama. Inna ai uwata ce."

"Allah ya kiyaye in haifi irinka."

Malam ya ɗaga hannu. Ya tambayi dattawan wa ya ga abin da ya faru. Mai albasa ya ce shi lokacin yana bayan rumfa yana alwala. Mahauci ya ce shi ya gudu bai dawo ba sai da aka watse. Alhaji Muhammadu ya ce yana auna wake. Mutanen da suka tsaya a kanta suna leƙe, yau babu wanda yake wurin. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a jikin tabarma.

"To Baiwa," in ji Malam, "kafin a ɗora wa mutum laifi sai an san girman ɓarnar. Jakar ta yage?"

"Ba ta yage ba."

"Kaya sun fashe?"

"Ba abin da ya fashe."

"To mene ne aka zubar, kuma na su wa?"

Malam ya sani sarai. Duk zauren sun sani. Amma sani daban, a faɗa a gaban liman da shaidu daban. Sunayen nan tara suna kan harshenta a jere, yadda gidajen suke a kan tudu. In ta faɗa, kowa zai ga abin da Gimba ya jawo, kuma ba shi da wurin tsayawa. Ta kalli Alhaji Muhammadu, carbi ya tsaya a hannunsa. Gimba kuwa har ya gyara zama yana jira, don ko ya sha kaye ya sami sabon labarin da zai kai rumfa.

Ta mayar da ido kan Malam.

"Kayan miya ne," ta ce. "Kuka da daddawa. Nawa ne na kaina."

"To kun ji!" in ji Gimba. "A kan daddawa aka tara dattawa."

Malam ya dube ta. Sannan ya ce tun da haka ne sai haƙuri, kowa ya yafe wa kowa, Gimba kuma ya riƙa kama bakinsa. Aka shafa fatiha. Baiwa ba ta shafa ba. Ta miƙe ta tura jakar da ƙafa har gaban Gimba.

"Ga ta nan. Ka goya ta ka hau Ngwo, ka tsotsi wutsiyar. Ni ban yafe ba, kowa ya ji."

Ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Washegari da sassafe ta hau motar Anaca. Ogbete ba ta sake takawa neman jaka, don babu rumfar da labarinta bai shiga ba. A cikin buhun hannunta akwai kwalabe huɗu cike da ruwa da ƙullin yashi biyar, daidai nauyin kayanta. Ta sha alwashin wannan karon ba wanda zai zaɓar mata da baki.

A babbar kasuwar Anaca ta kutsa cikin masu baro da masu dako har ta kai layin jakunkuna. Ta wuce rumfa uku don masu su sun cika surutu. Ta tsaya a ta huɗu, ta wani Abdulhafiz, haifaffen garin, wanda ta samu yana ciniki da wata mata da yaren Ibo kamar bai taɓa jin Hausa ba.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Wace iri ake so?"

"Ka yi shiru, zan gani da kaina. In na tambaye ka ka amsa."

Ya ɗaga hannu biyu ya koma kan kujerarsa.

Ta fara da ɗagawa da ɗan ƙaramin yatsa na hannun da ya mutu. Wadda yatsan bai ɗauka ba ta ture ta gefe. Cikin goma sha biyar shida suka rage. Ta sa hanci a cikin kowacce, biyu suna warin gwanjo, warin zai kama gumba, ta ture. Ta ja zif sama da ƙasa sau ashirin ashirin, ɗaya ya cije, ta ture. Ta sayi ledar fiya wata ta fasa a kan ukun da suka rage, Abdulhafiz ya zabura ya koma ya zauna. Ɗaya ta jiƙe har ciki. Saura biyu, shuɗiya da ruwan toka. Ta zuba kwalabenta da yashinta a shuɗiyar, ta goya, ta hau benen da ke gaban rumfar ta sauko sau uku. Hannun jakar siriri ne, ya yanke mata kafaɗa. Ta sake da ruwan tokar. Wannan hannunta mai faɗi ne da soso a ciki, ta kwanta a baya lif, ba ta kumbura ba, ba ta dukan ƙugu.

"Aljihunta nawa?"

"Bakwai, Hajiya, har da babban."

"Tara nake so."

"Mai tara sai manyan nan na hawan dutse."

"Kar ka ƙara kira min su. Akwai tela kusa?"

Akwai, a ƙarƙashin benen. Ta tsaya a kansa har ya raba babban aljihun gida uku da baƙin yadi. Sannan ta karɓi reza ta bi duk igiyar da ke reto ta yanke ta a gindi, har da ɗan tambarin da ke lilo a jikin zif. Ta goya ta a kan hijabi, a fili. Hijabin ya tattare a kafaɗa, ta ja shi ta gyara.

"Wallahi Hajiya sai ka ce 'yar jami'a."

"Gara 'yar jami'a."

A mota kan hanyar komawa ta rungume jakar a cinya tana bin aljihunan da yatsa. Na gefen dama gidan farko. Na gefen hagu gida na biyu. Ƙaramin na sama gidan da ke bayan tankin ruwa. Haka har tara, ta koma farko, ta sake, tun daga Anaca har aka wuce Awka, matar da ke kusa da ita ta ɗauka addu'a take yi. Ko an kife jakar nan a gaban duniya, kowane kaya a farar leda za a gan shi, iri ɗaya, babu ta kowa.

Gimba har yau bai tsaya a ƙofar masallaci ba. Jar jakar ta koma saman rufinsa tana jiran wata tsohuwar da za ta yarda da shi. Duk wanda ya san shi ya gaya masa maganar tana nan ba ta mutu ba.

Ran Alhamis Baiwa ta sauka a bakin kasuwar gindin tudu, ta bi layin 'yan albasa ba ta kauce ba. Ta gaida Mama Obiageli kaɗai. Ta kama hawa. An yi ruwa da safe, ƙasar na santsi, amma hannayenta biyu a sake suke, tana dafa dutse tana kama ciyawa. Ta tsaya sau biyu tana haki. A karo na biyu ta juya kamar za ta koma, ta ci gaba.

Ta yi sallama a gidan farko. Shiru. Ta sake. Sai ta ji an zare sakata, ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, idon Ummulkulsum ya leƙo.

"An ce Malam ya tambaye ki na su wa, kika ce daddawa ce."

"Wa ya gaya miki?"

"Bilkisu matarsa, tana bayan labule. Ta ce da kin faɗa da Gimba bai kai labari ba."

"Ai na sani."

Ummulkulsum ta kalli jakar. "Wannan kuma fa? Ni na daina ba da ƙyalle, in gaya miki."

"Ban tambaye ki ba. Ke aljihun dama ce. Ba mai sani sai ni."

"In kika manta fa? Kika ba ni na mai jego?"

"To ki sha, ƙila ki haihu."

Dariya ta kuɓuce wa Ummulkulsum, ta yi maza ta danne. Ta leƙa hanya hagu da dama, ta ƙara buɗe ƙofar kaɗan. Ba ta ce ta shigo ba, ba ta kawo ruwa ba kamar da. A tsaye a nan bakin ƙofa ta karɓi ledar ta cusa a ƙarƙashin mayafi.

"Amma kar ki je gidan Sa'adiyya, Inna. Mijinta ya rantse in ya ƙara jin kin taka gidan, ita da Inugu sai labari."

"Ita me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta rame dai."

Ƙofar ta rufe. Baiwa ta ja zif, ta mayar da jakar baya. Gidan Sa'adiyya taku talatin ne daga nan, daga inda take tana jin sautin daka. Ta tsaya a tsakiyar hanya tana kallon ƙofar langa-langan. In ta wuce, za a ce ta yi zuciya ta yar da yarinyar. In ta ƙwanƙwasa, ƙila ta kashe mata aure. Ta yi taku goma ta tsaya. Sannan ta ƙarasa daidai ƙofar, ba ta taɓa ta ba, ba ta kira suna ba, ta ɗaga murya kamar da masu gidan gaba take.

"Salamu alaikum, masu gida! Ina nan dai, duk Alhamis."

Dakan ya tsaya. Ta ɗan jira, ba a amsa ba, ba a kuma ci gaba da dakan ba. Ta gyara hannun jakar a kafaɗa ta nufi gidan bayan tanki, saura bakwai, ga hadari yana sake haɗowa ta gabas.